Buhun Gero a Mazaunin Inna

Babur ɗin Baba, in aka tayar da shi a garinmu Aujara, sai kajin Jahun sun watse. Babban aibinsa sarƙa: ta yi sako-sako, da ya faɗa rami sai ta zame.

Ran nan bayan la'asar Baba ya fito da shi tsakar gida. Inna na da tsohon ciki, ungozoma kuma ta ce wannan haihuwar sai asibitin Jahun. In sarƙa ta zame a hanya, babu bakanike sai gonaki.

Ya kwance notin tayar baya, ya ɗora buhun gero a mazaunin fasinja, ya ce in hau gaba.

"Ba a ɗaure sarƙa babu nauyi a kan babur," in ji shi. "Nauyi na hawa za ta ƙara tsauri, ta tsinke."

Ya ja tayar kaɗan, ya taɓa sarƙar da yatsa, ya shafa mata baƙin mai da gashin kaza. Warin man nan har yau yana tuna mini da ranar nan.

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Malam, wato ni ce buhun gero?"

"Wane buhu! Ai rangwame na yi miki."

Ta yi dariya har da riƙe ƙyaure. Sai dariyar ta tsaya, hannunta bai saki ƙyauren ba, ɗayan ya dafe ciki.

"Malam," ta ce a hankali, "ɗaure notinka, ka sauke buhun nan. Mai wurin ta zo."