Liƙin Randa

Zauna, Haladu, ajiye ledar nan tukuna. Na ga hanta, na ga zogale, na ga dabino. Allah ya yi maka albarka, ba kowane miji ke yin haka ba. Amma takardar da likita ya rubuta wa Hansatu kwananta huɗu a aljihunka, har ta yi laushi, wai don mai kantin magani ya ce maka ƙwayar ba ta ƙara jini. Gaskiya ya faɗa, ba ta ƙarawa. Ni goggonka shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin mata, kuma jiya na buɗa idon matarka na ga cikinsa fari fat. Duk wata jini na zubar mata fiye da kima, shekaranjiya a bakin murhu jiri ya kwashe ta. Wallahi ina jin tsoron watan gobe. Bari in ba ka misali, tunda kai tun kana ƙarami ba ka jin magana sai an zagayo da kai ta bayan gida.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye mai nisa da rijiya, daga ita sai mijinta, 'ya'ya duk sun tafi birni. Tana da randa guda ɗaya, gadon mahaifiyarta, baƙa wuluk, mai sanyin ruwa ko a tsakiyar bazara. Wata rana randar ta tsage daga gindi, tsaga siririya kamar zare. Tsohuwa ta kwaɓa siminti ta liƙe, liƙi mai kyau kuwa, don hannunta ya iya aiki. Zuciyarta ce ba ta iya jira ba. Kafin inuwa ta matsa taku ɗaya ta dawo ta danna da babban yatsa ta ji ko ya kama. An jima ta kankare gefen da farce, wai ya yi tudu. An ƙara jimawa ta sa tsumma ta goge don ya yi sumul. Da la'asar ta juye tulu biyu a ciki, da gari ya waye ta tarar da ƙasa sharkaf, randa wayam. Maimakon ta zargi yatsanta, sai ta ce ruwan ne ya yi kaɗan, ta ƙara sawu zuwa rijiya. Haka ta yi kwana uku, tana liƙewa tana ɓatawa, tana ɗebowa ƙasa na sha. A rana ta huɗu ta fita ko kurɓi ba ta sa a bakinta ba. Ta zura guga ya cika, ta kasa jawo shi. Ta zauna a bakin rijiya tana hawaye, ga ruwa tana gani, sai da wasu mata suka ba ta ta sha suka rako ta gida.

Shi mijin ƙarfi ya ƙare masa. Ba ya iya ɗaukar tulu, bai taɓa kwaɓa siminti ba a rayuwarsa. Ya bari ta sake liƙewa, sannan ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya kama hannunta na dama ya ce, "Zauna nan kusa da ni, yau ba inda za ki." Ya ɗauko mata labarin shekarar da aka ɗaura musu aure, da akuyar da ta cinye masa hula ranar da ya je gaisuwa gidansu. Duk sanda ta yunƙura za ta leƙa randa, sai ya ƙara damƙe hannun yana dariya. Ta yi mita, ta ce ya tsufa bai daina fitina ba, shi dai bai saki ba. Kwana biyu suka yi a haka, maƙwabta na kawo musu ruwa a bokiti. A na uku aka juye tulu ɗaya tak, da safe yana nan yadda aka bar shi. Ta cika moɗa ta miƙa wa tsohonta, ta cika ta sha, ta ɗauki guga ta nufi rijiya da ƙarfinta.

To ka ji, ɗana. Jikin mutum ya iya liƙi. Da jini ya samu hanya, shi da kansa yake daskarewa ya toshe wurin. Amma jikin wasu irin tsohuwar nan ne, yana liƙewa yana kankarewa tun bai kama ba. Ƙwayar da likita ya rubuta ba ta ɗebo ruwa, ba ta kwaɓa siminti. Tsohon nan ce, hannu kawai take riƙewa har liƙin ya yi ƙarfi. Ba kuma kowa ake ba ita ba, shi ya sa likitan ya yi wa Hansatu tambayoyi kafin ya rubuta, ya kuma faɗi kwanakin da za ta sha. Kada ka ƙara, kada ka rage.

Na san son da kake mata ne ya kai ka mahauta tun da sassafe. Ka dafa mata hantar, za ta yi amfani. Amma ka fara biyawa kantin magani da takardar nan, in ka koma gida kuma ka zauna kusa da ita ka riƙe hannunta, ta daɗe tana ɓoye maka tsoronta. Sai an tsare jinin da ke jikinta sannan na cikin ledarka zai samu wurin zama. Hausawa suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.