Baƙon da Ya Zauna Jiran Sannu da Zuwa

Tunda ka ce ka haddace gaisuwar mutanen Japan har ka cika takarda, zauna in ba ka misali, don hadda daban, gaisuwa daban.

An yi wani manomin shinkafa, dattijo mai kamun kai, da aka tura shi Japan ya yi damina guda yana koyon yadda suke renon iri da dashe. Mutum ne da bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, ƙofar gidansa kullum da tabarma a shimfiɗe. Kafin ya tashi, tafinta ya rubuta masa 'yan kalmomi, shi kuwa ya yi ta bitarsu kamar mai tilawa har suka zauna daram. Ohayo gozaimas, ina kwana ke nan. Konniciwa, barka da rana. Arigato, na gode. Sumimasen, gafara dai, ko a yi haƙuri. Aka sauke shi a wani ƙauye tsakanin duwatsu, cikin ɗan gidan katako da ke kallon gidan wani tsoho da matarsa. Ya share ɗaki, ya zuba dabinon da ya zo da shi a faranti, ya sa babbar riga, ya zauna jiran maƙwabta. Ai haka ya san duniya: baƙo ya sauka, masu gari su zo sannu da zuwa, a aiko da ruwa da akushi, sannan shi ya rama ziyara. Yini ya wuce ba sallama. Kwana uku, ko tari bai ji a bakin ƙofa ba. In sun haɗu da tsohon a hanya, sai tsohon ya ɗan rusuna, ya tsaya jim kamar mai jiran wani abu, ya wuce. Manomi ya ce a ransa, wanda bai tako ƙofata ba, ba zan kai masa kaina kamar maroƙi ba. Rana ta bakwai ya cire babbar riga ya ninke, ya fara cin dabinonsa ɗaya-ɗaya har faranti ya ƙare.

Haka damina ta miƙa. A gona inji ke dashe, babu gayya, babu waƙa, babu mai tsokanar wani a bakin kunya. Malaman gona su nuna da hannu, tafinta ya zo sau ɗaya a mako ya fassara ya koma birni. Kalmomin nan suna cikin bakinsa, amma ya ajiye su ne don amsawa, ba wanda ya fara masa kuwa. Sai arigato da yake ce wa mai kanti in ta miƙo masa burodi, ita ma ta mayar masa irin yadda take mayar wa kowa. Akwai wani zalɓe da ke tsayawa cikin fadama kowace safiya, shi ne ya sha ohayo gozaimas ɗinsa. In ya idar da salla ya yi sallama dama, bango, ya yi hagu, bango. Shinkafa fara sol a kwano, amma loma ba ta wucewa. Wata rana tsakiyar damina ya leƙa ta taga ya ga mutane cikin baƙaƙen kaya suna shiga gidan tsohon, ƙamshin turare na tashi. Ya ce, wato taro ma suke yi ba su neme ni ba. Ya ja labule. Daga nan bai ƙara ganin tsohuwar tana shanya a tsakar gida ba, bai kuma tambaya ba.

Ran tafiya, an gama girbi, tafinta ya zo da mota. Suna loda kaya sai ga tsohon ya fito a hankali, ya rame, ya rusuna ya yi magana a tausashe. Tafinta ya saurara, sannan ya juyo ya ce, “Baba, wai Allah ya kiyaye hanya. Ya ce a nan wanda ya tare a sabon gida shi ke zagawa ya buga ƙofar maƙwabta, da ɗan tawul ko sabulu a hannu, ya ce ga ni na zo. Sun jira ka. Da ba ka zo ba suka ɗauka ba ka son a dame ka, suka ji kunyar takura maka. Matarsa ta so ƙwarai ta ji yadda kuke dafa shinkafa a ƙasarku. Ta rasu wata uku ke nan. 'Ya'yansu suna birni, shi kaɗai yake cin abinci tun lokacin.”

Manomi ya tsaya da jaka a hannu. Shi da yake tafiyar yini a ƙafa don ta'aziyyar wanda bai sani ba, an fitar da gawa a gaban ƙofarsa yana bayan labule yana fushi. Ya dubi tsakanin gidajen biyu, bai fi taku goma sha biyu ba. Ya ajiye jaka, ya durƙusa har ƙasa, ya ce sumimasen, ya sake cewa sumimasen, ba shi da wata kalmar da ta fi wannan. Tsohon ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe. Tafinta ya dubi agogo ya ce jirgi ba ya jira.

To ka ji. Ka riƙe kalmominka, suna da amfani, amma in ka sauka kada ka zauna kana lissafin wa ya kamata ya fara. Ka tambayi yadda masu gari suke yi, ka tashi ka buga ƙofa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.