Ta Sunkuyar da Kai

Mai kitso ta leƙo karɓar ɗinkinta, sai tela ya tsayar da keke ya nuna mata benci. Kurma ne, kuma a wurinsa ta koyi maganar hannu.

Ya nuna kansa, ya nuna ta, hannuwansa suka tambaya a hankali: "Za ki aure ni?"

Daɗi da kunya suka rufe ta, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta manta cewa a wurin kurame, wanda ya kawar da ido ya rufe zance ke nan.

Da ta ɗago, har ya sa mata ɗinkin a leda ya juya baya.

"Haba Malam, ba haka nake nufi ba!" Bango kaɗai ya ji ta.

Ta miƙe ta kashe fitilar shagon, ta kunna. Ya waiwayo, idanunsa jajir. Ta daure ta kafa masa ido, ta amsa da hannu yana rawa: "Na yarda."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya murmusa.

"Sake faɗa," in ji hannuwansa. "Yau hannunki in'ina yake yi."