Abin da Haske Ya Bari

Ta riga ta ɓalle murfin kyamarar kafin mai wankin hoto ya tare hannunta.

"Rufe, 'yata. Ba waya ba ce, haske yana cinye fim."

Ta rufe. Kyamarar Baba ce, shekara ashirin a ƙasan akwati, sai da yayin fim ya dawo ta tono ta. Shi ke ɗaukar kowa, shi ya sa ya rasu bai bar hotonsa ko ɗaya ba.

Tsohon ya shige ɗakin duhu. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa titi, ta dawo.

Ya fito da fim ɗin baƙi ƙirin, yana ɗigar ruwa.

"Ɗaya ya tsira, na can ciki. Wanda aka danna a banza ne, kyamara na kallon ƙasa."

Ta ɗaga shi saitin taga. Ƙafafun Baba ne cikin silifas, wasu 'yan ƙafafu sun ɗare a kansu, ba takalmi. Har yau tana da wannan tabon a babban yatsa.