Facin Wuyan Riga

Mai zane na gaskiya ba ya neman izinin talaka kafin ya ɗaukaka shi. Haka malaminsu na jami'a ya ce, ita kuwa ta haddace. Da ta hango wani ɗan adaidaita sahu a Gyaɗi-Gyaɗi ya kifa kai yana barci, sai ta ɗauke shi hoto a waya ta baya, ta zana shi har da facin wuyan rigarsa. Ta ɗaure siliki a katako don buga zanen a takarda, ta ja fenti ruwan ɗorawa, ta bi da baƙi. Fastoci hamsin suka fito. Ta manna arba'in da tara a bangunan Tarauni, ta kai wa mahaifiyarta ɗaya.

Uwar ta daɗe tana kallo. "Facin nan ni na yi shi."

"Mama, Baba ai yana ofis!"

"Tun bara aka sallame shi. Ya roƙe ni kada kowa ya ji."

Da la'asar uban ya shigo riƙe da jakar ofis, bayan ya ratso layi maƙwabta na nuna shi. Ya dubi fastar, ya gyara mata zama a bango.

"Allah ya yi albarka, uwata. Maki nawa za su ba ki?"