Saƙon Mama

Saurayinta ya shigo cibiyar kula da yara masu matsalar ƙwaƙwalwa inda take aiki. Ya takure a 'yar kujerar yara, idonsa na kan shatin haƙoran da wani yaro ya bar mata a hannu.

"Mama ta ce koyarwa kika karanta, ki koma aji. Wai mai yini da irin yaran nan, irinsu za ta haifa."

Ta durƙusa gabansa yadda take yi wa yaron da ya firgita.

"Na ji ta Mama. Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke kin tabbata ba ya faruwa?"

Ashe saƙon ba na Mama ba ne.