Kwaɗon Roba a Danau Kota

Ina shekara tara Baba ya kai ni tafkin Danau Kota, a ƙasar wajen da muke zama, da sandar kamun kifi ta aro da wani kwaɗon roba mai ƙugiya, wanda muninsa zai kori aljani. Umma tana kwance ta daina cin abinci, sai ranar ta nemi farfesun kifin da bai taɓa shiga firiji ba.

Wani tsoho ɗan ƙasar ya koya wa Baba: "In kifi ya cafki kwaɗon, ka ja numfashi ɗaya kafin ka fizga."

Baba mutumin Yawuri ne, da taru ya tashi, hannunsa bai san jira ba. Kifi ya buɗe baki kamar ƙofar bas, Baba ya fizga nan take. Kwaɗon ya dawo shi kaɗai. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Baba ya zauna cikin laka ya ce, "Auta, me zan ce mata?"

A kasuwa muka saya. Umma ta sha cokali biyu, ta ce tana jin ƙamshin tafki. Ba ta ƙara neman wani abinci ba har ta rasu, ni kuma har yau dariyar nan tana ci na.